Tambaya da Amsa: Tsamiyar gwangwani ta zama tsinke, ta bayan gida ta yi kauri

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne daga wani ƙauye a gefen Ringim, jihar Jigawa. Na ga bidiyon ƙananan bishiyoyin nan da ake reno a kasko wato bonsai a Facebook, abin ya shiga raina sosai wlh, shine farkon daminar bara na shuka ƙwallon tsamiya goma rana ɗaya, biyar a gwangwanin madara na ajiye a zaure saboda awaki, biyar a ƙasa bayan gida na kewaye da ƙaya. Yanzun na gwangwanin sun yi tsawo siriri kamar tsinken tsintsiya ganyen duk ya ɗashe har sai da na kafa musu kara, na ƙasan kuwa sun yi kauri ga rassa. Sannan kuka biyu da na shuka a roba sun zubar da ganye da sanyi, na yi ta ba su ruwa safe da yamma, ƙarshe ɗaya ta ruɓe. Dan Allah ina kuskurena, ko dai akwai irin bonsai na musamman da ake saya?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka. Bari in fara da ta ƙarshen don kar wani ya ci kuɗinka, babu wani iri na musamman. Bonsai ba jinsin bishiya ba ne, reno ne, kalmar ta Japan ce ma'anarta abin da aka shuka a kasko, su ma daga Sin suka samo fasahar. Tsamiyar da ke kasko da wadda ake zaman hira a ƙarƙashinta duk uwarsu ɗaya, yankan saiwa da datse rassa shekara da shekaru ne ke tsayar da ita ƙarama.

To kaga abin da ya faru da kai, ƙwallo iri ɗaya rana ɗaya amma wurin zama daban. Na zaure ba su samu rana ba, kuma tsiro in ya rasa haske miƙewa yake ta yi yana nemansa, tsakanin gaɓa da gaɓa ya yi nisa, jikin ba ƙwari. Ga zaure ba iska, alhali iskar nan da ke kaɗa tsiro tana daga cikin abin da ke sa gindinsa ya yi kauri, karan da ka kafa musu ma ƙara sangarta su ya yi. Sai gwangwanin kansa, saiwa ta je ta bugi ƙarfe ta fara naɗewa kamar gammo, in ba ka huda ƙasansa ba kuma ruwa ya kwanta. Na bayan gidan da ka ɗauka sun fita daga lissafi saboda sun girma, wallahi su ne abin da muke nema.

Nan ne yawancin masu farawa ke tuntuɓe, sai su ga hoton tsohuwar bishiya a ɗan kasko su ɗauka tun tana tsiro take ciki. A'a. Ƙaramin kasko aikinsa rage saurin girma, kai kuwa yanzu girman kake so, domin abin da ke sa bishiyar kasko ta yi kama da tsohuwa shi ne kaurin gindi da saiwoyin da suka bazu a sama kamar yatsun hannu, kuma kauri daga yawan ganye yake zuwa, ganye daga rana da yalwar ƙasa. Don haka ka bar na ƙasan nan su ci shekara 2 zuwa 3 suna girmansu, kar ka aske rassan ƙasa-ƙasa ko da sun yi maka muni, su ke ciyar da gindin, daga baya a cire su.

Abu ɗaya ne ba za ka jinkirta ba, uwar saiwa. Tsamiya tana zura doguwar saiwa guda can ƙasa neman laima, balle a ƙasarku mai rairayi, in ka bar ta shekara 3 ranar tonowa za ka tarar da sanda ɗaya babu ƙananan saiwoyi kusa da gindi, in ka yanke saiwar nan sai bishiyar ta bushe. Idan damina ta sauka sosai, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ka tono su da yamma, ka yanke uwar saiwar da wuƙa mai kaifi ka bar ƙananan da ke gefe, ka sa fasasshen tayil ko kaskon tukunya mai faɗi a ramin ka ɗora tsiron a kai ka rufe, saiwa ba ta da hanyar nutsawa dole ta bazu gefe. Ka rage ganyen kaɗan, ka yi masa 'yar rumfar kara na sati biyu. Shawarata kar ka yi wa duka biyar lokaci ɗaya, fara da uku.

Na gwangwanin ma kar ka zubar. Ka mayar da su tsohon baho ko rabin jarka da ka huhhuda ƙasanta sosai, ka fito da su ranar safe tukuna su saba, in ka jefa su tsakar rana kai tsaye musamman da bazara da zafi kan wuce digiri 40 ganyen ƙonewa zai yi. In sun kama ka datse tsawon su yi tofo daga ƙasa. Awaki kuwa ƙaya ko ragar waya ce maganinsu, ko ka ɗora bahon kan benci mai tsawo.

Ƙasar cikin mazubi ba ƙasar gona ba ce, kuma ka guji laka irin ta fadama, in ta jiƙe sai ta cuɗe ta hana saiwa numfashi, in ta bushe ta zama bulo. Nemi yashi mai tsakuwa ko burji ka tankaɗe ka zubar da garin, ka haɗa da dakakken jan bulo da ɗan gawayi da takin dabbobi wanda ya daɗe ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake. In ka zuba ruwa ya fita ta ƙasa nan take to haɗin ya yi.

Kukarka kuwa ta ba ni tausayi don ba ciwo take ba. Duba kukokin garinku da hunturu, ai duk tsirara suke, hutunta ke nan, kuma tun tana ƙarama tana da saiwa mai kumburi kamar rogo da take ajiye ruwa. Ba ganyen da zai sha ruwan da kake zubawa shi ya sa ta ruɓe. Wadda ta rage in ta zubar da ganye ka janye mata ruwa kusan gaba ɗaya, sai ka ga tofo gab da damina sannan ka dawo da ban ruwa. Kuma kar ka damu in ganyenta bai yi yatsu biyar ba, na yarinta guda-guda yake fitowa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, daga ƙauyen Bichi nake a jihar Kano, ni matar aure ce tsakar gidanmu ƙarama. Wace bishiya ce ba ta da wahala, don ni bana iya jiran ƙwallo.

AMSA: Barka kadai 'yar uwa. Ki nemi cediya ko durumi. Reshe kawai za ki sa a sarar miki mai kaurin babban yatsa ko fiye, ki dasa da damina cikin yashi mai laima a inuwa-inuwa har ya yi tofo, kinga kin samu kaurin da mai ƙwallo zai jira shekaru. Suna jure yankan saiwa da aski, sai dai ki kula da farin ƙaron da ke fita in an yanka kar ya shiga ido. Bishiyar kariya ma tana da kyau, ga fure ga ƙaton gindi kuma ba ta son ruwa da yawa, amma ruwan jikinta dafi ne, in akwai yara ƙanana ko awaki a gidan ki bar ta tukuna. Ki ajiye mazubin inda ranar safe ke bugawa, da hunturu ki riƙa wanke ƙurar ganyen, kuma kafin ki ba da ruwa ki tura yatsa cikin ƙasar, in da laima ki bari sai gobe.