Folda na buɗewa amma ta ƙi karɓar gyara

Malam, ka ce a ofishinku na Gusau ma'aikata na buɗe foldar da aka raba a Windows, amma gyara ya ƙi adanuwa. Izinin kashi biyu ne, na rabawa da na NTFS (tsarin ajiyar fayil na Windows, wato izinin da ke kan foldar kanta), kuma wanda ya fi tsauri shi ke aiki. Galibi na rabawar ne aka bari a karatu kawai. A izinin rabawar ka ba da damar canji, sannan ka taƙaita a NTFS ta rukunin masu amfani, ba mutum-mutum ba. Ka guji sa hani (Deny), yana danne izini. Wanda ka sa a rukuni sai ya fita daga asusunsa na Windows ya sake shiga kafin izinin ya fara aiki. Don Allah kuma a haɗa wa kwamfutar da foldar ke ciki UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta, ɗaukewar wuta ana cikin adanawa na iya lalata fayil.