Hukuncin ƙawata gida da zanen zamani da zuwa baje kolinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sana'ata ƙawata ɗakuna ce, kuma masu gida kan ce in samo musu zanen zamani da za a rataya a bango. Wani launuka ne kawai da layuka, wani akwai fuskar mutum a karkace, wani kuma sassaƙa ce ta ƙarfe ko itace. Nakan je baje kolin masu zane in saya. Wanne ya halatta, kuma ya kuɗin da nake samu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa sana'arki albarka, 'yar'uwa.

Shari'a ba ta rataya hukunci a kan sunan "zanen zamani" ba, abin da ke cikin zanen take dubawa. Ado a asalinsa halal ne. A Suratul A'araf, aya ta 32, Allah ya yi inkari ga wanda ya haramta adon da ya fitar wa bayinsa, kuma Muslim ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau. Don haka launuka da layuka, bishiya, kogi, gini, da duk abin da ba shi da rai, ki saya ki sayar hankali kwance. Wannan ita ce fatawar da Ibn Abbas ya ba wani mai zane da ya ce da hannunsa yake cin abinci: in ba makawa, ya zana bishiya da abin da ba rai. Akasarin abin da kika fara ambata a nan ya faɗo.

Inda ake tsayawa shi ne surar mai rai. Sassaƙar mutum ko dabba mai inuwa, wato mai jiki ba shimfiɗaɗɗen zane ba, wadda gaɓoɓinta suka cika, haramun ce a wajen mazhabobi huɗu, ban da 'yartsanar yara saboda hadisin Nana A'isha. Kuɗinta ma haramun ne, domin Jabir ya ruwaito hani ga sayar da gumaka a shekarar buɗe Makka. Kada a ce ai ba mai bauta mata. Waddu, Suwa'u, Yagusa, Ya'uƙa da Nasru sunayen salihan mutanen Annabi Nuhu ne, kamar yadda Buhari ya kawo daga Ibn Abbas. Don tunawa aka kafa siffofinsu, sai da masana suka shuɗe aka bauta musu.

Zanen da ke shimfiɗe a kan ƙyalle ko takarda kuwa, a nan malamai suka saɓa, kuma saɓani ne mai ƙarfi. Imam Nawawi da jamhur, wato mafi yawan malamai, sun haramta rataya shi in surar mai rai ce, hujjarsu labulen Nana A'isha da Manzon Allah (SAW) ya yage, ta mayar da shi matasan kai. Malikiyya suka ce makaruhi ne in an ɗaukaka shi, saboda togaciyar da ta zo a hadisin Abu Ɗalha ta zanen da ke jikin tufa. Abin da na fi natsuwa da shi: kada ki rataya cikakkiyar surar mai rai a bango, ko don hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da sura. Amma ba na kiran wanda ya bi Malikiyya fasiƙi. Fuskar nan da kika ce a karkace take, ki dube ta: in mai kallo zai gane kai da fuska, tana nan a sura, in an shafe kan har ba a gane shi, ta fita, domin Jibrilu ya umarci a yanke kan mutum-mutumin da ke gidan Annabi (SAW) ya koma kamar bishiya. Tsiraici, gicciye da alamun bautar wani addini ba su shiga wannan saɓani ba, haramun ne ta kowace fuska.

Zuwa baje koli kamar shiga kasuwa ne. Ki je don buƙatarki, ki kawar da kai daga tsiraici, ki bar liyafar buɗewa in ana zagayawa da giya.

Akwai abin da ya fi damuna, wanda ba a cika tambaya a kansa ba, wato tozarta dukiya. A 2019, a baje kolin Art Basel na Miami a Amurka, an liƙa ayaba a bango da salatif aka sayar dala 120,000, a 2024 kuma aka yi gwanjon wannan aiki a dala miliyan 6.2. Ayaba ba ta da rai, babu wanda zai haramta ta ta babin sura. Amma Annabi (SAW) ya ce Allah yana ƙin tozarta dukiya, kuma Muslim ya ruwaito cewa da ya cire wani labule ya ce Allah bai umarce mu mu tufatar da duwatsu da laka ba. Zane zai iya zama halal a kansa, sayensa ya zama zunubi in don alfahari ne ko da bashin da ba a iya biya. Ke da ake neman shawararki, amana ce a wuyanki ki faɗa wa mai gida gaskiyar ƙimar abu, kada ki ɓoye ladan da mai zane ya ba ki.

Allunan ayoyi kuma, in za ki rataya, su zama masu karantuwa, nesa da banɗaki da wurin sharholiya, ba a lanƙwasa haruffansu su zama siffar tsuntsu ko mutum ba.

Wallahu a'alam.