Katin "mai kare haƙƙin ɗan Adam" zai tsare ƙanena a Gaɓar Yamma?

Tambaya: Barista, hankalina a tashe yake. Ƙanena yana karatu a Jodan, ya ce zai bi masu fafutukar zaman lafiya zuwa Gaɓar Yamma, yankin Falasɗinawa da Isra'ila ta mamaye, lokacin girbin zaitun, su riƙa ɗaukar bidiyon abin da sojoji da 'yan kama-wuri-zauna ke yi wa manoma. Ya biya kuɗi an buga masa wani kati, wai da shi babu sojan da zai taɓa shi. Haka ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ba haka ba ne, kuma ki kira shi yau ki faɗa masa.

Kariyar da doka ta ba shi ita ce ta farar hula. Yarjejeniyar Janiba ta Huɗu ta 1949 ta wajabta wa mai mamaya ya mutunta mutanen da ke hannunsa, kuma kashe farar hula da gangan laifin yaƙi ne. Riƙe kyamara ba shiga yaƙi ba ne. To amma sashe na 78 na wannan yarjejeniyar ya bar ƙofar tsare mutum bisa dalilin tsaro, kuma ta nan Isra'ila ke tsare Falasɗinawa wata 6 babu tuhuma, ta yi ta sabuntawa. Umarnin sojan Isra'ila mai lamba 101 na 1967 kuma ya hana taron siyasa na mutum 10 ba tare da izini ba.

Sai maganar katin, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Kusan kullum sai wani ya shigo ofishina da irinsa a wuya, da tambarin duniya da ganye, wai shi "jakadan zaman lafiya" ne. Babu wata hukuma a doron ƙasa da ke sayar da katin da zai hana a kama mutum. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1998 kan masu kare haƙƙin ɗan Adam, wadda 'yan damfarar ke fakewa da ita, ba yarjejeniya ba ce da ke ɗaure ƙasa. Shirin Abu Aƙila ta Aljazeera tana sanye da rigar 'yan jarida aka harbe ta a Jenin a watan Mayun 2022. Aysenur Eygi, 'yar Amurka da Turkiyya, mai fafutuka, an kashe ta a garin Beita na Gaɓar Yamma a 2024, fasfo biyu ba su hana ba. Ƙungiyar Al-Haq ta Falasɗinawa mai kare haƙƙin ɗan Adam, da lauyoyinta da ofishinta a Ramalla, Isra'ila ta sa ta cikin jerin 'yan ta'adda a 2021. Ina katin roba zai tsaya a nan? Illarsa ita ce yana cire wa yaro tsoro, ya matsa inda da babu katin ba zai matsa ba. Wanda ya karɓi kuɗin yana gida yana barci. Su ji tsoron Allah.

Ba ina cewa ɗaukar bidiyon aikin banza ba ne. A 2016 a Al-Khalil, bidiyon da wani ɗan sa-kai na B'Tselem (ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam a Isra'ila) ya ɗauka ne ya kai sojan Isra'ila Elor Azaria kotu kan harbin Bafalasɗinen da ke kwance da rauni. An yanke masa wata 18, ya yi 9. Mai bidiyon kuwa barazana ta biyo shi har gida.

Ƙanenki baƙo ne. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a hana shi shiga tun daga gadar da ke kan iyakar Jodan da Gaɓar Yamma, ko a kore shi. Manomin da ya sauke shi ne zai fuskanci kotun soja. Don haka idan ya nace, kada ya sa fuskar kowa a Facebook. Ya ajiye ainihin bidiyon da kwanan wata da wurin, kada ya yanke ko ya gyara, ya miƙa wa lauyoyin ƙungiyar da ya bi. Kafin ya tsallaka, ya haddace lambar lauya, ya bar miki kwafin fasfonsa, ku kuma sa lokacin da in bai kira ba za ki tuntuɓi ofishin jakadanci.