Kitsen mai teɓa da asarar da na yi

Ka ce tunda daga kitse muke ciro ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin halitta masu iya hayayyafa su rikiɗe su zama wasu ire-iren ƙwayoyin jiki, me ya hana mu nemi mai ƙiba, wanda kitsen ya yi masa yawa? Ɗana, ka fama mini tsohon miki.

Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini kitse nan Ngaundare cikin kula mai ƙanƙara, ya ce daga ɗakin tiyata a Yawunde ya karɓo, kuma ya rubuta a takarda cewa masu shi ba su da ƙiba. Na yarda. Na buɗe kwalbar kolajenas, sinadarin da ke narkar da kitsen don a ciro ƙwayoyin, wadda na yi wata uku ina jira daga Faransa, da kuɗin aljihuna na saye ta. Yadda ake narkarwa da tacewa ba zan tsaya faɗa maka ba, wanda bai san wannan ba ya koma gida. Na sa ƙwayoyin a inkubeta, na'urar renon su, a zafin digiri 37 na Salsiyas, ina kwana kusa da janareta saboda ɗauke wuta.

Sati biyu ƙwayoyin nan sun ƙi cika faranti. Na leƙa madubin ƙara girma, sai ga su sun baje, manya manya, fala-fala kamar waina ta kwana. Na zuba rinin gwajin tsufa, suka yi shuɗi, alamar sun tsufa. Sai da na matsa wa ɗalibin ya ce ai kitsen na wata baiwar Allah ce mai ƙiba da ciwon suga, shi ya fi sauƙin samu. Ko haƙuri bai ba ni ba! Yaran yanzu digiri kuke so, aikin kuwa ko oho.

Tun 2001 da masana a Amurka suka nuna cewa kitse na ɗauke da ƙwayoyin nan, mutane suka ɗauka kowane kitse ɗaya ne. A jikin mai ƙiba, kitsen yana kumbura har iskar oksijin ta kasa isarsa, kumburi ya zauna ciki shekara da shekaru. Ƙwayoyin da suka tashi a wannan hali sukan tsufa da wuri, ba sa hayayyafa da sauri, ba sa taimaka wa sababbin jijiyoyin jini su tsiro yadda ya kamata. Kai kana so su kwantar da kumburi a miki, su kuwa suna fitar da wani sinadari, IL-6, mai hura shi.

Duk samfurin da ya shigo, ka nemi nauyi da tsawo da sugan mai shi, ka lissafa BMI, ma'aunin ƙiba daga nauyi da tsawo, da hannunka. In ya kai 30, ware shi, rubuta da jan biro. Tashi ka duba mini inkubeta.