Amsa ga mai son haɗa kayan zaki na sakawa

Malam Sani, ka ce kan zakin da ka yi da kwali don wasannin yaran makarantarku a unguwar Aboabo ta Kumasi ya lotse tun kafin a tashi, wanda ya saka kuma bai ga gabansa ba. Laifin kwalin ne, ɗan'uwa. Kwali yana shan gumi, da ya jiƙa ya tashi aiki. Soso za ka nema, kuma ka fara aikin daga ciki: inda mutum zai gani da inda zai sha iska. Kyan fuska daga baya yake zuwa.

Je wurin masu kujerun kushin ka sayi soso mai kaurin rabin inci da mai inci 2. Auna kan mai sakawa, na babba yakan kai santimita 56 zuwa 58, ka ƙara 3. Naɗe siririn soson kamar bokiti, ka rufe samansa, ka kifa masa a ka, ya nuna maka da yatsa daidai idanunsa da bakinsa, ka huda. A kan wannan za ka liƙa kumatu, hanci, gira da kunnuwa da mai kaurin, kana sassaƙawa da almakashi kaɗan-kaɗan. Ka riƙa yanka kumatun biyu a lokaci ɗaya, in ba haka ba fuskar za ta karkace. In kan ya yi girma ƙwarai, liƙa hular kwano ta magina a ciki don kada ya riƙa juyawa a wuya.

Gam kuwa na masu takalma, akwai shi a kasuwar Kejetia. Shafa shi siriri a ɓangarorin biyu, ka jira minti 5 zuwa 10 har ya daina bin yatsa, sannan ka haɗa. Mai gaggawa ya haɗa shi da ɗanyensa, gobe ya tarar ya ɓalle. A tsakar gida za a yi, warinsa yana hawa kai, kuma kada a saka kan sai ya kwana biyu yana shan iska. Kada gam ɗin ya taɓa farin soson nan na cikin kwalin talabijin, narkar da shi yake yi.

Wurin rufawa mutane suka fi asara. Naɗe kan da leda, ka bi shi da salatif na takarda har ya rufe, ka zana layukan ɗinki da alƙalamin maka, kowane yanki ka sa masa kibiya mai nuna kwanciyar gashi: daga hanci zuwa ƙeya. Yanke yankunan, shimfiɗa su a bayan yadi mai gashi, ka bar santimita 1 na ɗinki. Da reza ake yanka yadi mai gashi, ta baya, don almakashi yana datse gashin, bakin ɗinki ya fito a fili. In yadin ya yi tsada, bargo mai laushi na gwanjo ya wadatar. Geza kuma zaren ulu launi biyu, ruwan ƙasa da ruwan goro.

Ido da baki, sa ragar taga baƙa. Na ciki yana ganin waje, na waje ba ya ganinsa. Ni dai na fi son a bar bakin a buɗe da faɗi, domin ta nan mai sakawa ke ganin ƙasa da ƙananan yaran da ke zagaye da ƙafarsa. Ƙaramar fankar kwamfuta mai aiki da USB a cikin hancin, batirin cajin waya a aljihu, tana rage zafi ƙwarai.

Jiki ba wuya: yadi 4, tela ya kwaikwayi rigar kanikawa mai haɗe da wando, kada ta matse, dogon zif a baya. Ƙafa, liƙa soso a kan tsohon takalmi. In wata rana beguwar ƙungiyar ƙwallon Asante Kotoko za ka yi, ƙayoyin su zama na soso, ban da tsinke, saboda idon yara.

A zafin ranar Kumasi kada kowa ya wuce minti 20 a ciki, kuma a samu mai riƙe masa hannu da ruwan sha. Bayan wasa a wanke rigar da ruwan sanyi, ban da guga, gashin roba ne, ƙonewa yake. Cikin kan a fesa masa sifirit, a shanya a inuwa ya bushe sarai, don da damina in aka ƙulle shi a leda da danshi, fumfuna ce za ta cinye shi.