Rasit ɗinka na nan, silash ne ya ɓatar da hanya

Ɗana, ka ce rasit mai lamba KN/457 na dillalan albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas yana nan cikin rumbun bayanai na CouchDB, da idonka ka gan shi, amma in ka nemo shi ta adireshi sai saba ta ce maka 404, wai babu. Kwantar da hankalinka, rasit bai je ko'ina ba.

A adireshin intanet, aikin alamar /, wato silash, shi ne raba hanya gida-gida. Da ka rubuta /rasit/KN/457, CouchDB ta ɗauka sunan takardar KN ne, 457 kuma wani fayil ne da aka liƙa mata. Ta duba ba ta samu ba, kuma gaskiyarta. Silash ɗin da ke cikin suna sai an rufe shi, a rubuta %2F, saboda lambarsa a ASCII, jadawalin da ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta, 47 ce, wato 2F a ƙirgen sha shida. Ƙa'idar na cikin RFC 3986 ta 2005, takardar da ta tsara yadda ake rubuta adireshin intanet.

Kar ka rufe da hannu. A JavaScript ɗauki encodeURIComponent, domin encodeURI ba ya taɓa silash. A Python kuwa quote na barin silash yadda yake, sai ka ba shi safe=''. Lambar rasit kaɗai za ka rufe, ba dukan adireshin ba.

Inda aikin ke cin rai shi ne tsakiyar hanya. Buƙatarka ba kai tsaye take isa rumbun ba, sai ta ratsa ta hannun wasu sabobin tsakiya irin su Apache ko Nginx, kamar buhun da ya taso daga Kano ana kwance bakinsa a kowane shinge. Apache, in ba ka taɓa saitinsa ba, da ya ga %2F sai ya mayar da 404 tun kafin rumbun ya ji labari. Sa AllowEncodedSlashes NoDecode, a layin ProxyPass kuma ka ƙara nocanon. Shi kuwa Nginx, muddin ka rubuta wata hanya bayan sunan saba a proxy_pass, ko da silash ɗaya ne, zai buɗe %2F ya mayar da shi / a asirce. Wannan ya fi ba ni haushi, don ba ya kuka, sai dai ka ga sakamako ya karkace.

Akwai kuma rufi biyu. In ka ga %252F a rajistar saba, to an rufe abin da aka riga aka rufe, alamar % ta koma %25. Sau ɗaya ake rufewa, sau ɗaya ake buɗewa.

Yanzu aika buƙatar da curl, manhajar aika buƙata zuwa saba, kai tsaye zuwa tashar 5984, inda CouchDB ke saurare. In rasit ya fito, laifin na tsakiya ne, ka bi rajista saba bayan saba. A aiki na gaba kuma ni dai ba zan yarda a sa silash a lambar shaidar takarda ba. Yi KN-457, ka ajiye KN/457 a wani gurbi domin abin da dillali zai gani a kan takardarsa.