"Za su yi rifot ɗina": amsa ga mai aikin kula da tsofaffi a Ingila

Wata 'yar'uwa ta rubuto daga Kano. Tana aikin kula da tsofaffi a Ingila, ta ɗauki hutun mako biyu ta zo jinyar mahaifiyarta. Hajiya ta samu sauƙi, amma kawunnai sun ce ba inda za ta sai an ɗaura auren ƙanwarta, nan da wata guda. Sai ga saƙo daga wurin aiki, kalmar "report" har sau biyu a ciki. Ta ce tun ranar ba ta runtsa ba, tana ganin an kai ƙararta. Wani ejan kuma ya ce zai haɗa mata takardar likita ta bogi ta miƙa wa wurin aikin.

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba wanda ya kai ƙararki tukuna. Mu tun firamare muka san "rifot" da monita yana miƙa sunan masu surutu ga hedimasta, shi ya sa gabanki ya faɗi. A bakin Bature kalmar ta fi haka faɗi, kuma abin da ya biyo bayanta shi ke nuna nufinta. Ta farkon da kika kwafo mini, "report for duty on Monday", cewa kawai aka yi ki bayyana a bakin aiki ranar Litinin. Ta biyun, "report your absence", nufinta za su sanar da Home Office, wato ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya mai kula da biza, in ba ki zo ba. Ƙara ta gaske ita ce a ambaci sunan mutum bayan kalmar, a ce ga 'yan sanda.

Sai dai sanarwar nan ba abin wasa ba ce. Doka ta wajabta wa kamfanin da ya ɗauki nauyin bizarki ya sanar idan kika yi fashin aiki ba izini fiye da kwanakin aiki 10 a jere. Hutun da ba albashi ma, in ya haura mako 4 a shekara, yana iya sa su janye ɗaukar nauyin, sai a 'yan dalilai irin su haihuwa ko rashin lafiyarki ke kanki. In suka janye, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samu wani kamfanin ko ya tattara. Kuma tun 22 ga Yulin 2025 an rufe ɗauko sababbin masu wannan aiki daga waje. Ƙofar da kika shiga ta ita, yau babu ita.

Ejan ɗin da ya ce zai haɗa miki takardar likita, toshe lambarsa yau. Na ga wadda ta miƙa irin wannan takarda, aka buga waya asibitin, aka ce ba su san ta ba. Fashin aiki ya koma ha'inci, ta rasa aikin, ejan kuwa ya kashe waya.

Kawunnanki ina girmama su, amma a nan ba su yi miki adalci ba. Kuɗin maganin Hajiya da gadon amaryar nan daga wane aljihu suka fito? Ana so ki zauna biki, ana kuma jiran alat ƙarshen wata. Ki je wurin Hajiya ita kaɗai, ki karanta mata saƙon da Hausa, ki nemi ta sa miki albarka. In ta ce ki tafi, bakin kowa ya mutu.

Yau ɗin nan ki amsa wa manajarki a rubuce, ki faɗi ranar da za ki sauka, ki haɗa da hoton tikiti. In Litinin ba za ta yiwu ba, ki roƙi ƙarin kwanaki, kuma kada ki yarda da "ba komai" ta waya, sai kin gani a imel.